Kurakuran da Sababbin Shiga Suka Fi Yi Wajen Tsara Filin Shantin na Ƙaramin Jirgin Ƙasa

A 'yan watannin nan zane huɗu aka turo mini in duba, daga mutane huɗu da ba su san juna ba, amma sai ka ce malami ɗaya ya koya musu kuskure. Kowannensu ya sayi ƙaramin jirgin ƙasa na kwaikwayo, ya gaji da kallonsa yana zagaye tebur, yanzu yana son ya gina filin shantin, inda ake kwance taragun kaya a sake jera su. Niyyar mai kyau ce. Amma bakina ya gaji da maimaita magana ɗaya ga mutum ɗai-ɗai, gara in faɗe ta gaba ɗaya.

Filin shantin ba gareji ba ne. Wanda ya tashi kusa da reluwe a Zariya ko Kaduna, zamanin da jirgin kaya ke tashe, ya san abin da nake nufi: jirgi ya shigo da taragu a cakuɗe, a warware su, na wannan gari a wannan layi, na wancan a wancan, a haɗa sabon jirgi ya fita. Wurin tsince ne, kamar yadda ake baza wake a faifai. Duk kuskuren da zan lissafa daga mance wannan ya samo asali.

Na farko, wanda ya fi cin raina, shi ne rashin layin shantin, wato layin da kan jirgi ke ja da baya a kansa yayin tsince taragu. Layukan jera taragu suna fita ne daga wani layi mai karkata da aka jera mararrabu (wuraren da layi ke rabuwa biyu) a kansa bi da bi, wanda masu wannan harka ke kira tsani. Kan jirgi zai shiga layi na uku, ya kamo tarago goma, ya ja su baya har na ƙarshe ya wuce mararraba, sannan ya tura biyu layi na ɗaya, uku layi na biyar. To, malam, wannan ja da bayan a kan wane layi zai yi shi? Cikin zane huɗun nan, uku sun haɗa bakin tsani kai tsaye da babban layi. Ma'ana duk lokacin da ake shantin, jirgin da ke zagayawa sai ya tsaya. Na huɗun ya bar wata 'yar wutsiya da ba ta wuce kan jirgi da tarago biyu ba.

Ni ma haka na yi a filina na farko, kuma ban gano ba sai da na gama manne layuka da gam, na zuba tsakuwa, na shafa fenti. Daren da na kira wani abokina mu gwada, shi yana tuƙa jirgi a babban layi, ni ina shantin, ba mu yi minti goma ba kan jirgina ya ja taragu ya fito ya tare masa hanya. Nasa ya daki tsakiyar nawa, tarago uku suka kife, ƙugiyar biyu ta karye. Muka sake, muka koma jiran juna: ya wuce in fito, in koma ya wuce. Babu daɗi ko kaɗan. Gyaran sai da na jiƙa tsakuwar da ruwa na bar ta ta kwana, na riƙa cusa wuƙa a ƙarƙashin layin ina ɗagawa a hankali, duk da haka mararraba uku suka lanƙwashe, ba su sake moruwa ba. Kayan nan ba a kasuwar unguwa ake samunsu ba, daga waje ake aikowa, na yi kusan wata biyu ina jiran madadinsu, teburin yana zaune kamar kango. Duk saboda layi ɗaya da fensir zai iya zanawa a cikin daƙiƙa biyar.

Dokata tun daga ranar: layin shantin shi nake fara zanawa, kafin komai. Tsawonsa ya kai tsawon layi mafi tsawo a filin, a ƙara tsawon kan jirgi. Ya kwanta a gefen babban layi ba tare da ya hau shi ba. In wuri ya ƙure, ya bi kwanar tebur ya lanƙwasa, ba laifi, tunda ba a kansa ake haɗa ƙugiya ba. Wasu na cewa rabin tsawon ya isa, a riƙa jan taragu kashi biyu. Su suka sani. Ni na ɗanɗana, ba na ragewa.

Kuskure na biyu haɗama ce. Mutum ya ga hoton filin Bailey da ke North Platte a jihar Nebraska ta Amurka, wanda ya fi kowane girma a duniya, sai ransa ya biya. Filin nan tsawonsa kusan kilomita 13 ne. A ma'aunin HO, inda ake rage komai sau 87, zai ci kusan mita 150, ya fi filin ƙwallo tsawo. Kai kuma bangon ɗakinka mita 3 ne, amma ka zana layi bakwai! Haba. Ka zauna ka yi lissafi mana. A HO ana barin kusan santimita 5 daga tsakiyar layi zuwa tsakiyar na kusa da shi. Mararraba mai lamba 6 tana karkata taku ɗaya ne a cikin kowane taku shida, don haka kowane sabon layi zai cinye santimita 30 na tsawon teburinka. Taragon kaya mai ƙafa 40 kuwa kusan santimita 15 ne a wannan ma'auni. Ke nan duk layin da ka ƙara ya gaza na gabansa da tarago biyu. Kafin ka kai na bakwai tsani ya lashe fiye da mita 2, abin da ya rage ba zai ɗauki fiye da tarago shida ba. Ka sayi mararraba mai tsada don tarago shida. Wanda ma ya sa tsani a kowane ɓangare, asararsa ninki biyu ce.

Layi huɗu dogaye sun fi bakwai gajeru, kuma a ƙaramin ɗaki ni ina toshe ƙarshensu, tsani ɗaya ya wadatar. Sai dai layi guda nake warewa mai buɗe ta kai da ƙafa, inda jirgi zai shigo ya tsaya, kan jirgin ya kwance ya zagaya ta layin gefe ya fita. Wanda bai bar wannan hanyar zagayawa ba, kan jirginsa zai shiga ya maƙale a ƙurya da taragu a bayansa, sai ya sa hannu ya ɗauke shi kamar kaza.

Haɗamar ba ta tsaya a zane ba. An gama gini, sai a kwaso duk taragun da aka mallaka a cika kowane layi maƙil, don a ɗauki hoto. Ina za ka tura na gaba? Filin da ya cika ya mutu. Ni rabi nake cikawa, sauran suna cikin durowa, kowanne a naɗe da ƙyalle saboda ƙura.

Akwai kuma kwanar maciji, wato layi ya karkata dama nan take ya koma hagu. Ta fi ɓuya a inda aka haɗa mararrabu biyu baki da baki, ko inda mararraba ta biyo bayan kwana. Ana jan taragu suna wucewa lafiya, sai ranar da aka tura su, aikin shantin kuwa rabinsa turi ne. Dogon tarago mai ƙafa 89, irin na ɗaukar motoci, ya haura santimita 30. Gabansa na kallon dama, bayansa na kallon hagu, ƙugiya ta ja makwabcinsa ta fitar da shi daga layi. Ka bar miƙaƙƙen layi tsakanin kwanonin biyu, tsawon taragonka mafi tsawo. Mararraba mai lamba 4 tana rage cin wuri, na yarda, amma ta gajerun taragu ce. In kana son na zamani dogaye, kada ka sauka ƙasa da lamba 6.

Wasu kan kwafo Timesaver, ɗan tsarin layukan da John Allen, wani Ba'amurke gwanin wannan harka, ya fitar a 1972, su dasa shi a matsayin fili. Wasan wasa ƙwaƙwalwa ne, da gangan aka takure layukansa don a sha wuya. Ka gina shi daban in kana sha'awa.

Sauran ƙanana ne. Kada faɗin tebur ya wuce inda hannunka ke kai, santimita 60 zuwa 75 in yana jingine da bango, domin mararrabar da ke can ƙurya ita ce za ta fara ba da matsala. Filin ya kwanta daram; ka aza tarago ka sake shi, in ya gangara da kansa, teburin ne ke da gyara. Maganaɗisun kwance ƙugiya a miƙaƙƙen layi ake sa shi, a kwana ƙugiyoyi ba sa fuskantar juna. Kada layi ya matso bakin tebur, ka bar faɗin yatsu huɗu, kan jirgi ba ya jure faɗowa kan siminti.

Sannan kada ka yarda da zanen hannu. Fensir ba ya ƙin kwana, komai matsinta. Akwai manhajojin kwamfuta irin su AnyRail, SCARM da XTrackCAD masu ɗauke da ainihin girman layukan da kamfanoni irin su Peco da Atlas ke ƙerawa, suna taimakawa. Amma ni har yau sai na shimfiɗa takarda a kan teburin, na jera mararrabun gaske, na kafe layukan da ƙananan ƙusoshi ba gam, na yi mako biyu ina shantin a kai da taragu mafi tsawo da nake da su. Inda suka yi tuntuɓe in zare ƙusa in matsar. Gam da tsakuwa sai bayan nan.