Yadda Ake Canza Cok a Bindigar Farauta

Maharbin da ke bin zabin daji a gonakin Giwa ko Soba bayan an kau da dawa, da wanda ke tsugunne a fadamar Galma yana jiran kirinjijiya, harbinsu ba iri ɗaya ba ne. Na farko tsuntsu na tashi kusa da ƙafarsa, na biyu kuwa sai ya kai hannu nesa. Abin da ke daidaita wannan shi ne cok, wato ɗan matsin da ke bakin bututu, mai hana ƙwayoyin darma watsewa da wuri. Wani maƙerin bindiga na Birmingham a Ingila, W. W. Greener, shi ya yaɗa dabarar a shekarun 1870. A yau bindigogi da yawa na zuwa da cok na murɗawa, ka cire wannan ka ɗaura wancan.

Wannan bayani na mai lasisi ne. Dokar makamai ta Najeriya ta 1959 ta wajabta lasisi ga irin wannan bindiga, kuma gyaran bindiga ma sai mai izini.

Fara da sanin irin bindigar da ke hannunka. Karya ta, wato ka buɗe ta a gaɓarta inda ake sa harsashi, ka zare harsashi, ka leƙa ka tabbatar babu komai a ciki, ko da kai ka ajiye ta jiya. Sannan dubi bakin bututun. In ka ga siririn zobe mai gurabun da makulli ke kamawa, naka na murɗawa ne. In baki ne sumul, cok ɗin a jikin ƙarfen aka yi shi, kamar yawancin tsofaffin masu baki biyu da ake gada a gidajen maharba. Wannan ba aikin gida ba ne. Ƙwararre na iya buɗa shi kaɗan, amma ƙarfen da aka kankare ba ya dawowa. Kada ka kai wa mai walda, kada kuma ka yarda a yanke bakin, domin da an yanke cok ya tafi ke nan.

Sai karanta tsagar da ke gefen zoben. A yawancin kamfanoni tsaga ɗaya cikakken matsi ce, biyu uku-bisa-huɗu, uku rabi, huɗu kwata, biyar kuwa babu matsi. A bindiga mai lamba 12, wadda faɗin cikinta ke kusan milimita 18.5, cikakken matsi bai wuce milimita 1 ba, rabi kusan 0.5, kwata kusan 0.25. Ido ba ya rabe su, amma a daji bambancin a fili yake. A tazarar yadi 40, cikin da'ira mai faɗin inci 30, bakin da babu matsi na zuba kusan kashi 40 cikin ɗari na ƙwayoyin, rabi kusan 60, cikakke kusan 70.

A nan ne nake saɓawa da abokai da dama. Kowa cikakke yake so, wai ya fi "kai wa". Alhali makwarwa da zomo yawanci a kusa ake samunsu, kuma a wannan tazara cikakken matsi dunƙule yake tafiya: ko ka kuskure gaba ɗaya, ko ka ragargaza naman har a rasa na sa wa a tukunya. Ga farautar cikin kara da ciyawa, kwata da rabi sun wadatar. A mai baki biyu, sa mai faɗin a bututun da ke fara tashi, mai matsin a na biyu, tun da tsuntsu ya ƙara nisa kafin harbi na biyu. Cikakke ka bar wa hasbiya a kan doguwar bishiya ko agwagwar ruwa. In kuma harsashinka mai ƙwayar ƙarfe ne ba darma ba, kada ka wuce rabi, don ƙarfe ba ya lanƙwasa, yana iya kumbura bakin bututu.

Wajen cirewa, ka yi amfani da makullin da ya zo da bindigar, ba filaya ko sukudireba ba. Zauna, ka ɗora bututun a cinya, bakin na kallon inda babu kowa. Murɗa hagu. In ya cije, kada ka sa ƙarfi. Ɗiga man kwance tsatsa a gefen zoben, ka jingine bakin yana sama ya kwana, gobe ka sake gwadawa. Danshin damina ne ke jawo wannan, musamman ga bindigar da aka jefa bayan ƙofa tun Yuni ba a waiwaye ta ba.

Da ya fito za ka ga baƙin dauɗa a haƙoran murɗin, gaurayen toka da ƙurar hunturu. Tsohon buroshin haƙori da ɗan kananzir sun isa. Goge na jikin cok ɗin, ka goge na cikin bututun, ka tsane da ƙyalle mai tsabta. Sai ka duba ƙasan sabon da za ka saka, wato siririn gefen da ke fara shiga. In ya taɓa faɗuwa a siminti ya lotsa ko ƙanƙani, ajiye shi, domin ƙwayoyi za su ci karo da wurin.

Shafa giris kaɗan a haƙoran, ka fara murɗawa da yatsu. Ya kamata ya shige lami lafiya. In ya turje tun zagayen farko, ya karkace ne ko ba na bindigar ba ne. Cok ɗin bindigar kamfanin Beretta ba ya hawa ta Browning ko Remington, kai ko a Beretta ɗin ma samfurin cok na Mobilchoke daban, na Optima daban, ko da sun yi kama a ido. Ƙarasa da makulli har ya zauna daram, ba tare da ka danne shi da dukan ƙarfinka ba. Kada ka taɓa harbi babu cok a ciki, haƙoran bututun za su lalace.

Saura gwaji, wanda mutane suka fi tsallakewa. Samo babban kwali, irin na firji, ka kafa shi gaban tudu ko gaɓar rami inda ƙwaya ba za ta wuce ba. Zaɓi wuri nesa da gari da burtali, kuma ka sanar da mai unguwa da 'yan sintiri tukuna. Yadda tsaro yake a yanzu, ƙarar bindiga ɗaya na iya tayar da ƙauye. Auna yadi 40, kusan mita 37, ka harba. Zana da'irar inci 30 inda hujin ya fi yawa, ka ƙirga. Yi sau uku da kowane cok, da harsashin da kake fita farauta da shi, domin canza harsashi na canza watsuwar. Ba yawan huji kaɗai za ka duba ba. Nemi gurbin da zabo zai iya ratsawa ba a taɓa shi ba, ka kuma ga ko tarin ya sauka inda ka saita ko ya zame gefe.

A daji, bayan 'yan harbe-harbe, karya bindigar, ka zare harsashi, ka sa makulli ka ji ko cok ɗin ya saki. Girgizar harbi na kwance shi a hankali.