Yadda ake yanke hukunci idan bugun farko ya fita fili a ƙwallon ƙafar Amurka

A NFL, babbar gasar ƙwallon ƙafar Amurka, ana yin bugun farko (bugun da ake buɗe wasa da shi, ake kuma sake yi bayan an ci maki) ne daga layin yadi 35 na ƙungiyar da ke bugawa, kuma idan ƙwallon ta fita ta gefe, alƙali yakan jefa ƙyallensa rawaya, domin laifi ne. Mai kallo ma zai iya gane inda za a ajiye ƙwallon idan ya bi waɗannan matakai.

Da farko a duba inda ta fita. Dokar ta shafi layin gefe ne kawai, tsakanin layukan cin maki biyu. Idan ta faɗa yankin cin maki kai tsaye ta wuce waje, babu laifi, kuma a kakar 2025 masu karɓa, wato ƙungiyar da aka buga wa ƙwallon, na farawa daga layinsu na yadi 35.

Na biyu, a lura da wanda ya taɓa ta daga ƙarshe. Idan ɗan wasan masu karɓa ne ya taɓa ta yana cikin fili sannan ta kuɓuce, mai bugu ya tsira, a nan inda ta fita za a ci gaba. Amma akwai dabara a nan: ƙwallon da ta taɓa ɗan wasan da ƙafarsa ke waje, ita ma ana ɗaukarta ta fita. A 2016 Ty Montgomery na Green Bay Packers ya kwanta kusa da layin cin maki, ƙafafunsa a waje, ya miƙa hannu ya dafa ƙwallon, sai laifin ya hau kan Detroit Lions da suka buga ta. Wayo ne, amma halastacce.

Na uku shi ne awo. Masu karɓa na da zaɓin yadi 25 daga inda aka buga, wato layinsu na 40, ko kuma wurin da ta fita idan ya fi musu amfani. Tun 2024, bugun da ya sauka bai kai layin yadi 20 na masu karɓa ba, shi ma hukuncinsa layin 40 ne.

A ƙarshe a tabbatar da gasar da ake kallo, domin a wasannin jami'o'i ana ajiye ƙwallon a layin yadi 35 na masu karɓa, ko a sa a sake bugun bayan an ja da baya yadi biyar.

Wannan hukunci ba ƙarami ba ne idan lokaci ya ƙure. A Super Bowl, wasan ƙarshe na gasar NFL, na 1 ga Fabrairu 2004, ana 29-29 saura minti ɗaya da 'yan daƙiƙoƙi, John Kasay na Carolina Panthers ya buga ta fita. New England Patriots suka fara daga yadi 40, mai jefa musu ƙwallo Tom Brady ya matsar da su gaba, Adam Vinatieri kuma ya buga ta tsakanin sanduna, Patriots suka yi nasara da ci 32-29.