Yadda ake gwada saitin bindigar ɗuri da ta harsashi dunƙule kafin farautar barewa a Amurka

A jihohin tsakiyar Amurka irin su Ohio, Illinois, Iowa da kudancin Michigan, an yi shekaru masu yawa doka ba ta barin mutum ya yi farautar barewa da raifil mai cin dogon zango, saboda ƙasa ce shimfiɗaɗɗiya, gonaki da gidaje kusa da juna, harsashin da ya kuskure zai iya yin tafiya mai nisa ya faɗa inda ba a so. Shi ya sa maharban can suka dogara da bindigogi iri biyu. Ɗaya ita ce bindigar ɗuri, wadda ake zuba mata albarushi ta baki a tura harsashi da sanda, 'yar uwar bindigar tokar da muka sani kenan sai dai ita an ƙera ta a masana'anta da ƙarfe mai inganci. Ɗayar kuma shotgan ce amma maimakon ƙwayoyin dalma masu watsuwa sai a saka mata harsashi guda ɗaya dunƙule mai nauyi. Yanzu dokar ta ɗan sassauta, Ohio ta yarda da wasu raifil tun 2014, Iowa a 2017, Illinois a 2023, amma har yau ana musu a kan wacce ta fi saiti cikin biyun nan, kuma galibin masu musun ba su taɓa ajiye su gefe da gefe sun gwada yadda ya kamata ba. To ga yadda ake yi.

Abu na farko, ka san takamaiman abin da ke hannunka, don kowace a cikinsu ta kasu kashi biyu kuma idan ka haɗa wanda bai dace ba gwajin naka ya tashi a banza tun kafin ka fara. Shotgan akwai mai bututu sumul, ita ake sa wa harsashin dalma irin na Foster da ya fito a Amurka a shekarun 1930 ko na Brenneke da Bajamushe Wilhelm Brenneke ya ƙirƙiro a 1898. Wannan aikinta na kusa ne, yadi 50 zuwa 75, bayan nan hujin da harsasai ke yi a takardar gwaji ya fara watsewa. Akwai kuma mai tsagar murɗe a cikin bututu, wadda ke sa harsashi ya riƙa juyawa yana tafiya, ita harsashinta ƙarami ne da ke zaune cikin kwanson roba, yana fita baki kwanson ya faɗi harsashin ya wuce. Irin su Savage 220 mai geji 20 (geji awon faɗin bututun shotgan ne, geji 12 ya fi 20 faɗi), ko Remington 870 da Mossberg 500 idan an canza musu bututu. Bindigar ɗuri ma haka, akwai ta gargajiya mai dutsen ƙanƙara ko mai 'yar hular tada wuta a gefe da ke harba ƙwallon dalma, akwai ta zamani wadda wutar ke shiga albarushi kai tsaye ta baya, wadda Tony Knight ya yayata da samfurinsa MK-85 a 1985, daga baya kuma kamfanoni irin su CVA, Traditions da Thompson/Center suka cika kasuwa da ita. Adalci shi ne ka gwada ta zamani da shotgan mai tsaga, ko ta gargajiya da mai sumul. In ka kara ta zamani mai madubin saiti da tsohuwar shotgan mai ɗigo ɗaya a hanci, ai ka riga ka yanke hukunci.

Na biyu, ka daidaita duk abin da ba bindiga ba. Madubin saiti iri ɗaya ko masu ƙarfi kusan ɗaya a kan duka biyun, a ɗaure sukurori tamau. A shotgan mai famfo, wato wadda ake jan gabanta baya a mayar don saka sabon harsashi, ka lura da inda madubin yake zaune, idan a jikin bindigar yake alhali bututun cirewa ake yi yana ɗan motsi, kowane harbi zai ɗan kauce, shi ya sa ake son madubin da ke maƙale da bututun kansa. Ka samu teburi mai ƙarfi a filin gwajin harbi, buhunan yashi gaba da baya, abin toshe kunne da tabarau, ka zaɓi safiyar da babu iska. Iska tana wasa da harsasan nan sosai don suna da kauri kuma ba su da gudun na raifil, yawanci tsakanin ƙafa 1,500 zuwa 2,000 a daƙiƙa suke fita. Ka sa wani abu mai laushi a kafaɗa, geji 12 tana duka ba da wasa ba, kuma da zarar kafaɗa ta fara ciwo mutum zai fara runtse ido yana fizgar kunama ba tare da ya sani ba, daga nan kai kake gwadawa ba bindiga ba.

Na uku shi ne nemo abincin da kowacce ta fi so, kuma a nan ne aikin yake da gaske. A ɓangaren shotgan ba ka da ikon canza komai a cikin harsashi, masana'anta ta riga ta ɗura, abin da za ka iya kawai ka sayo iri uku ko huɗu, na kamfanoni irin su Hornady, Remington, Federal, Winchester, galibi biyar biyar suke zuwa a kwali kuma da tsada, ka harba kowanne ka ga wanda bututunka ya karɓa. Bindigogi biyu samfuri ɗaya daga masana'anta ɗaya za su iya son harsashi daban daban, kar ka dogara da abin da abokinka ya ce tasa tana so. In ka samu wanda ya dace ka koma ka sayi kwalaye da yawa masu lambar ɗuri ɗaya, don wani lokaci sabon ɗuri yakan sauya wurin faɗawa.

Ita kuwa bindigar ɗuri kai ne masana'antar. Yawancin na zamani kaliba .50 ne, wato faɗin ramin bututun rabin inci, tsagarsu tana juyawa sau ɗaya a inci 28, ana sa musu harsashi mai giren 250 ko 300 cikin kwanson roba, wato kamar giram 16 zuwa 19. Albarushin ko baƙi na asali, ko madadinsa irin Pyrodex, Triple Seven ko Blackhorn 209, wasu gari ne wasu kuma an dunƙule su ƙwaya ƙwaya mai giren 50. Ka fara da giren 80 na gari, ka ƙara goma goma zuwa 100 ko 110 kana duba takarda, ba tare da ka wuce iyakar da littafin bindigarka ya rubuta ba. Awon nan na mudun albarushi ne ba na sikeli ba, dan Allah a kiyaye wannan, mutum ya auna giren 100 a sikeli na wasu madadin ya zuba fiye da kima. Mutane da yawa suna ganin an rubuta bindiga tana ɗaukar giren 150 sai su cika ta, a ganina ɓarna ce kawai, dukan kafaɗa ya ƙaru, kwanson roba ya sha wuya, hujin kuma sau da yawa ya fi watsewa fiye da na giren 100.

Wajen ɗurin kansa akwai ƙa'idojin da ba a sassauci a kansu. Kar a taɓa zuba albarushin harsasan zamani marar hayaƙi a bindigar ɗuri, fashewa take yi a fuskar mutum. Kar a zuba daga gorar albarushi kai tsaye cikin bututu, a fara aunawa a mudu, don wata ƙila akwai sauran garwashi a ciki. A tura harsashi har ya zauna daram a kan albarushi, duk wani fili tsakaninsu haɗari ne, kuma da ka yi ɗurin farko daidai ka yi alama a jikin sandar ɗurin dab da bakin bindiga, kowane ɗuri ka duba alamar, ita za ta nuna maka in ka manta ka ɗura sau biyu ko harsashi bai kai ƙasa ba. Firaima, wato ɗan abin da ke tada wutar, shi ake sa wa a ƙarshe bayan baki yana kallon takarda. In ka ja kunama ba ta tashi ba ka ci gaba da riƙe ta tana kallon gaba na minti ɗaya cur. Kuma duk lambobin da na ambata na bindigogin masana'anta ne da aka gwada ƙarfinsu, wallahi kar wani ya ɗauke su ya kai kan bindigar toka ta maƙera, bututunta ba zai ɗauka ba.

Na huɗu, harbin gwajin. Ka fara a yadi 25 don ka tabbatar kana kan takarda, ka koma 50 ka gyara madubi, sannan 100, wato kusan mita 91. Kowane iri ka harba biyar a takarda ɗaya, in kuɗi ba su kai ba uku uku amma ka maimaita sau biyu ko uku, don uku guda ɗaya sa'a na iya haɗa su wuri ɗaya ta yaudare ka. Shotgan ka riƙe gabanta da hannu ka ja ta cikin kafaɗa, kar ka bar ta kwance a kan buhu ita kaɗai kamar yadda masu raifil ke yi, don harsashin yana ɗan jimawa a cikin bututu, bindigar ta fara tsalle kafin ya fita. Bindigar ɗuri kuma abin da take so shi ne komai ya zo iri ɗaya kowane lokaci: awo ɗaya, ƙarfin turawa ɗaya, sharewa iri ɗaya. In da Pyrodex ko Triple Seven kake aiki ka share bututu da ƙyalle mai ɗan danshi sannan busasshe bayan kowane harbi, Triple Seven musamman yana barin wani ɓawon datti a daidai inda harsashi ke zama wanda ke hana na gaba kaiwa ƙasa. Blackhorn 209 bai cika buƙatar haka ba. Duka biyun ka bar bututu ya huce, minti biyar ko fiye, roba ba ta son zafi, da ta yi laushi saitin ya tafi. Hanya mai sauƙi ita ce ka riƙa karɓa karɓa, ka harba wannan ka ajiye ka ɗauki waccan.

Na biyar, awo. Ka ɗauki huji biyu da suka fi nisa da juna ka auna daga tsakiyar wannan zuwa tsakiyar wancan, ka rubuta a jikin takardar tare da sunan harsashi, awon albarushi da nisa. Ka haɗa duka ka fitar da matsakaici, kar ka zaɓi takardar da ta fi kyau ka ce ita ce bindigarka. Abin da aka saba gani, shotgan mai tsaga da ta samu harsashin da take so tana tara huji cikin inci biyu zuwa uku a yadi 100, masu kyau sosai ƙasa da haka, bindigar ɗuri ta zamani da aka yi wa hidima ita ma tana kai nan ko ta ɗan fi. Mai sumul kuwa kar ma ka wahalar da ita a 100. Sannan ka matsa zuwa yadi 150, a nan bambanci ya fi fitowa, kuma a nan za ka ga da idonka yadda harsasan biyu ke faɗuwa ƙasa, ka rubuta incin da kowanne ya sauka maimakon ka yarda da abin da aka buga a bayan kwali.

Mataki na shida shi ne wanda na fi damuwa da shi, kuma shi mutane suka fi tsallakewa. Barewa ba a kan teburi ake harbinta ba, kuma harbin farko daga bututu mai sanyi shi ne kusan duk abin da za ka samu, balle da bindigar ɗuri da kafin ka sake ɗuri hayaƙi ya washe dabbar ta yi nisa. To ka samo farantin takarda mai faɗin inci takwas, girman wurin huhu da zuciyar barewa mai farar wutsiya kenan a ƙiyasi, ka liƙa shi, ka harba sau ɗaya tak da kowace bindiga kana zaune ko a durƙushe ko ka jingina da sanda, da rigar sanyin da za ka sa ranar farauta don lokacin can Nuwamba ne zuwa Janairu, yatsu a ƙage. Ka tafi gida, ka dawo wata rana ka sake. Ka lura ko harbin bututu mai tsabta yana faɗawa wuri ɗaya da na mai datti, a bindigogin ɗuri da yawa ba ya yi, in haka ne sai ka gyara madubi a kan yanayin da za ka fita daji da shi. Nisan da kake samun farantin nan kowane lokaci ba kuskure, nan ne iyakarka da wannan bindigar, ko da kuwa a teburi ta yi abin mamaki. Wannan ba don alfahari ba ne, dabba rai gare ta, wanda ya yi bisimilla ya harba ya kamata ya yi iya ƙoƙarinsa ta faɗi da wuri, ba ya fasa mata ƙafa ko ciki ta shiga daji ta kwana tana shan azaba ba.

In ka gama duk wannan, ra'ayina shi ne a ƙasa da yadi 100 bambancin bai kai a yi musu ba, shotgan mai tsaga ta fi sauƙin sha'ani, ba ta tsoron ruwan sama kamar albarushi, kuma tana ba ka harbi na biyu nan take. Daga 100 zuwa 150 bindigar ɗuri ta zamani takan ɗan rinjaya a hannun mai haƙuri, saboda yana iya gyara ɗurinsa har ya dace da bututunsa, ga kuma ƙarin kwanakin farauta da jihohi da yawa ke ware mata ita kaɗai. Amma kafin ka kashe kuɗi a kan madubi da harsasai ka karanta dokar jihar da za ka je ta wannan shekarar, don Colorado misali a lokacin bindigar ɗuri ba ta yarda da madubin saiti ko kwanson roba ko albarushi mai ƙwaya ba, Pennsylvania kuma tana da lokaci na musamman bayan Kirsimeti na bindiga mai ƙanƙara, in can za ka sai ka yi gwajin da irin kayan da suka halatta. Sannan lasisin farauta da takardar izinin barewa dole ne. Bindigar ɗuri kuma ka wanke ta a ranar da ka harba, ka kwance toshiyar bayanta ka goge ka shafa mata mai, don dattin baƙin albarushi da Pyrodex yana jan danshi, in ta kwana biyu a haka tsatsa ta kama tsagar sai ka sake gwajin tun daga farko.