Yadda ake dasa albasa mai tafiya a cikin gida a Maraɗi

Albasar da ta cika kasuwanninmu ita ce jar albasar Galmi, wadda ake renon irinta, a dasa, a haƙe ta bayan ƴan watanni, shi ke nan an gama da ita sai wata shekara. Albasa mai tafiya kuwa sau ɗaya ake dasa ta, ta zauna shekara da shekaru tana ba mai ita lawashi da kai. Masana tsirrai suna kiranta Allium × proliferum, kuma an same ta ne daga haɗuwar albasar da muka sani da wata albasar lawashi wadda ba ta yin kai sosai. A ƙarshen karanta, inda sauran albasa ke fitar da fure da iri, ita ƙananan albasoshi take haifa a dunƙule, wasu kamar ƙwayar wake, wasu sun ɗan ɗara haka. Idan nauyinsu ya rinjayi karan, wanda tsawonsa kan wuce santimita 60, sai ya sunkuya ya taɓa ƙasa, ƴaƴan su yi saiwa a nan, nesa da uwar. Daga nan ta samo sunanta.

Abin da ya kamata mai garka a Maraɗi ya riƙe tun farko shi ne, wannan tsiron ƙasashen sanyi ne, har ƙanƙara yana jurewa, don haka maƙiyansa a nan su ne zafin bazara da ruwan da ke kwanciya da damina. Lokacin dasawa shi ne ƙarshen Oktoba zuwa Nuwamba, bayan ruwa ya ɗauke, domin ta samu watannin ɗari duka ta kafu kafin zafin Afrilu da Mayu, lokacin da awon zafi kan wuce 40. A zaɓi gefen katangar da ke samun hantsi, wadda inuwa ke rufewa bayan azahar.

A ɗaga fangalin kamar santimita 15 sama da daɓen gida. Ƙasar jigawa irin tamu tana tsane ruwa da sauri, kuma albasa tana son haka, amma ba ta riƙe abinci, saboda haka a cuɗa ta da takin awaki ko na shanu wanda ya riga ya ruɓe ya yi baƙi, domin ɗanyen taki yana ƙone saiwa. A ɓare dunƙulen ƴaƴan ɗaya bayan ɗaya, a tura kowanne cikin ƙasa zurfin santimita 3 zuwa 5, tsinin yana kallon sama, a bar santimita 15 zuwa 20 tsakaninsu. A yi ban ruwa da safe, gwargwadon yadda ƙasa za ta yi danshi ba tare da ta zama taɓo ba. Gidan da ke da kaji ko awaki tilas a kewaye fangalin da kara ko ƙaya tun ranar farko, domin kaza tana iya tone aikin yini guda cikin ɗan lokaci.

Da zarar ganye ya kai tsawon tafin hannu ana iya fara yankar lawashi, a riƙa ɗaukar na gefe ana barin na tsakiya. A kula da karan da zai ɗauki ƴaƴa, wanda ya fi ganye kauri da tauri kuma yake da ɗan kumburi a jikinsa, kada a yanke shi. Galibi ba ta fitar da wannan kara a shekarar farko, kuma sanyi ne ke tunzura ta ta fitar da shi, don haka kada mutum ya tumɓuke ta da zaton bakararriya ce. Idan lawashin ya fi ƙarfin tukunyar gida, a daka shi a dunƙula a shanya, ya zama gabu na miya.

Da bazara ganyen yana bushewa har fangalin ya yi kamar babu komai a cikinsa, alhali kan yana nan da ransa a ƙasa. A rufe shi da busasshiyar ciyawa ko ƙaiƙayi, a rage ruwa zuwa yayyafi kaɗan. Damina ce ta fi ba ni tsoro, domin na taɓa rasa rabin fangali a watan Agusta saboda ruwan indararo yana zuba a kusa da shi. Da na tona, sai na tarar da kawunan sun yi laushi suna wari, ɓawon yana saɓulewa a yatsana. Tun daga nan nake haƙa ƙaramar magudana a gefe kafin ruwan farko. Idan kuma aka ga fararen zane-zane a jikin ganye da rani, ƙananan ƙwari ne masu tsotsa, kuma a kan fesa musu ruwan jiƙaƙƙen ƴaƴan dogon yaro da yamma.

Kan da ke ƙasa bai kai na Galmi girma ba, amma ya fi shi yaji, kuma yana hayayyafa ya zama gungu. Duk bayan shekara biyu ko uku a haƙe gungun a farkon ɗari, a raba shi, a kai wasu madafa, a mayar da masu ƙwari cikin fangali da sabon taki. A ƙasa mai zafi irin tamu na fi dogara da wannan rabawa wajen riƙe iri.

Ƴaƴan sama suna nuna idan ɓawonsu ya yi ja-ja kuma karan ya fara bushewa. Wanda yake son ta yi tafiyarta sai ya bar karan ya kwanta da kansa, amma a ƙaramin tsakar gida gara a tsinke dunƙulen, a shanya a inuwa, a ajiye cikin kwando ko ƙwarya inda iska ke shiga, ba cikin leda ba, har Oktoba ta zagayo.