Darasi na 7: Idan Kunne Yana Ƙara

Wani zai kwanta da dare, gari ya yi tsit, sai ya ji "wiii" a kunnensa kamar kukan gyare. Ya tambayi mai ɗakinsa, ta ce ita ba ta ji komai ba. Daga cikin kunnensa ƙarar take. Ba aljanu ba ne, ba kuma jifa aka yi masa ba.

Can cikin kunne akwai wasu 'yan gashi da ido ba ya gani, su ne ke karɓar sauti. Ƙara mai ƙarfi tana lalata su, kuma in sun lalace ba sa sake tsirowa. Shi ya sa abin ya fi kama mai injin niƙa, da maƙeri, da mai kwana kusa da janareta. Ga ma'auni mai sauƙi: idan sai ka ɗaga murya wanda ke gabanka zai ji ka, to wurin yana cutar da kunne. Ka sayi abin toshe kunne na roba, ka riƙa sawa a bakin aiki.

Tsufa ma yana kawo shi, haka dattin kunne da hawan jini. Akwai kuma magunguna, irin su kwinin da asfirin mai yawa. Kada ka bar maganin da likita ya rubuta maka, amma ka koma ka gaya masa.

Don Allah a daina cusa tsinken ashana ko gashin kaza a kunne. Tura dattin suke yi ciki, wani lokaci har su huda dodon kunne.

Ba kowace ƙara ke warkewa ba, amma da yawa sukan saba har su manta da ita. Shiru ne ke ƙara mata ƙarfi, haka damuwa da rashin barci. In za ka kwanta, kunna fanka ko rediyo ƙasa-ƙasa.

Idan kunne ɗaya ne kawai ke ƙara, ko tana bugawa tare da zuciyarka, ko akwai jiri, je ka ga likitan kunne, hanci da maƙogwaro. A Kaduna akwai Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa. Idan kuwa ji ya ɗauke farat ɗaya, kada ka kwana, ranar za ka tafi asibiti.

Aikin aji: Rubuta wurare 3 masu ƙara a unguwarku, ka karanta wa na kusa da kai.