Kafin ka saka samfur a GC-MS da safe

Salamu alaikum 'yan uwa. Wannan saboda ƙannenmu ne da ke shigowa labo sabbi, musamman nan Garwa ta arewacin Kamaru inda zafi da ƙura da ɗaukewar wuta duk suka taru a kan inji ɗaya. GC-MS nake nufi, injin da ke rarrabe sinadaran cikin samfur ya gane kowanne da nauyinsa, wanda muke neman ragowar maganin ƙwari da shi a ruwa da hatsin yankin gonakin auduga.

Da ka shigo kar ka taɓa kwamfuta tukuna, fara tambaya ko an ɗauke wuta da dare. In an ɗauke kuma batir bai riƙe ba to famfon da ke zuƙe iska daga cikin injin ya tsaya, iska ta koma ciki, sai ka bar shi ya zuƙe ta aƙalla awa 4, ni dai in da hali kwana nake bari ya yi. Saurari famfon ƙasa da kunnenka, ka duba mansa, ya kai layi? in ya yi duhu kamar shayi mai kauri lokacin canji ya yi. Ka tabbata na'urar sanyaya ɗaki na aiki, don a Maris da Afrilu waje na wuce digiri 40.

Sai tulun heliyom, gas ɗin da ke ɗaukar samfur ya ratsa da shi cikin injin. Sabo yana zuwa da wajen bar 200, ni da ya sauko 30 nake canzawa, kuma tun kafin nan na aika a kawo wani don daga Duwala zuwa nan ba tafiyar kwana ɗaya ba ce.

Yanzu ga inda na fi so ka tsaya, ƙanina: gwajin iska da ruwa. Lambobi uku na nauyin ƙwayoyi za ka kalla a kwamfutar, 18 ruwa ne, 28 naitirojin, 32 oksijin. In 18 kaɗai ya yi sama, yawanci danshi ne bai gama fita ba, ƙara masa lokaci. Amma in ka ga 28 ya kusa ninka 32 sau huɗu, wannan iskar ɗaki ce ke shiga, akwai inda ke yoyo, kar ka ɗaga zafin tanda wallahi, oksijin a kan zafi yana cinye cikin kolom (siririn bututun da ke cikin tandar, inda sinadarai ke rabuwa) kuma yana rage wa filamen (wayar da ke zafi don fasa ƙwayoyin samfur) kwana. Fara da noti ɗin da ke inda kolom ke shiga injin, shi ya fi saki bayan ya sha zafi da sanyi, ɗan ɗaure shi kaɗan ba da ƙarfin tsiya ba, sannan robar ƙofar gefe, gashi ɗaya ko ƙurar hunturu ta isa ta hana ta kamawa. In kuwa 28 ne kawai ya hau 32 na ƙasa, duba layin gas, sau da yawa bayan canjin tulu ne, matatar da ke kan layin ta riƙe oksijin ta bar naitirojin ya wuce. Na taɓa ɓata yini guda ina neman yoyo a jikin inji alhali matsalar na bakin tulu, abin ya yi min ciwo sosai.

In iska ta yi daidai sai ka yi tiyun, wato saita injin, da PFTBA, sinadarin da ake saitin da shi, ka ga 69 da 219 da 502 sun fito a wurinsu. Gwada da takardar tiyun ta jiya, in 502 na ta raguwa ko boltejin ditekta (sashen da ke ƙirga ƙwayoyin) na hawa kullum, wurin da ake fasa ƙwayoyin ya yi datti, yana son wanki.

Saura ƙananan abubuwa: robar da allura ke hudawa, lainar gilashi (ɗan bututun da allurar ke zuba samfur a ciki), kwalaben wanke sirinji. Ka tura solban, wato ruwan da ake narkar da samfur a ciki, zalla ba samfur. In ka ga 207 da 281 silikon ne daga kolom ko robar nan, 149 kuma daga leda ko roba ne ya shiga solban ɗinka. Bayan shi ka tura sitandad wanda ka san adadinsa, in ya fito a lokacinsa da girmansa, rubuta komai a littafi da kwanan wata, sannan ka jera samfuranka.