Land Cruiser 80: Yadda Za Ka Gane Kayan da Zai Shiga Motarka

Daga 1990 zuwa 1997 jikin Land Cruiser 80 kusan ɗaya ne, shi ya sa mai sayar da kayan gyara zai ce maka "duk ɗaya ne". Ba ɗaya ba ne. Kafin ka sayi komai, buɗe bonet ka karanta farantin ƙarfen da ke ɗauke da lambar samfuri, sannan ka yi amfani da lambar shasi ka gano watan da aka ƙera motar. Shekarar da ke takardun mota ba abin dogaro ba ce, sau da yawa shekarar rajista ce.

Haruffan farko su ke faɗa maka inji. FJ80 mai fetur ce, inji 3F ko 3F-E, lita 4.0. FZJ80 tana da 1FZ, lita 4.5, wanda ya shigo a 1992. HZJ80 dizal ce, 1HZ marar turbo, HDJ80 kuma mai turbo: 1HD-T mai bawul 12, daga 1995 sai 1HD-FT mai bawul 24. Kan inji da injektocin 1HD-T da 1HD-FT ba sa musanyuwa.

Watan Agusta 1992 ne iyakar birki. Daga nan faifan birki ya ƙara girma, rim ya tashi daga inci 15 zuwa 16. Ramukan noti shida ne duka, tazara milimita 139.7, don haka tsohon rim zai zauna kamar lafiya, amma yana iya gugar kalifa, wato abin da ke matse faifan birki. Ɗaura ɗaya, juya tayar da hannu, ka saurara kafin ka sauke jak.

Inda aka fi asarar kuɗi shi ne aksul na gaba. Wajen Afrilu 1994 an ƙara wa birfil (gaɓar aksul da ke juya tayar gaba ko an karya sitiyari) tsawo, murfin da haƙoransa ke shiga a bakin hob ya ƙara kauri. Dogon birfil da siririn murfi zai riƙa wasa ciki da waje. Gajere da murfi mai kauri kuwa, zoben da ke kulle shi ba zai sami ramin zama ba. Sayi birfil da murfinsa tare. In motar na da ABS (na'urar da ke hana taya kullewa in an taka birki), tabbatar birfil ɗin na da zoben haƙoran da sensa ke karantawa, in ba haka ba fitilar ABS ba za ta mutu ba.

Akwatin raba giya, wanda ke raba ƙarfi tsakanin tayoyin gaba da na baya, shi ma iri-iri ne. HF2AV ya fi HF2A tsawo ta baya, saboda haka farfelarsa ta baya ta fi gajarta. Auna tsohuwar, kada ka yarda da ido.

A 1995 dashbod da fuskar gaba sun canja. A motocin kasuwar Amurka an sauya na'urar auna iska da ƙwaƙwalwar inji, giya otomatik ta koma A343F daga A442F, wayoyin ma daban. Ƙwaƙwalwar 1994 ba za ta tafiyar da injin 1996 ba.

Ƙofofi, sifirin da shokozoba sun fi sauƙin musanya, muddin ka kula da ɓangaren da sitiyari yake, dama ko hagu, wajen makunnan gilashi. Rim ɗin Land Cruiser 100 da 105 kuwa noti biyar ne, kada ma ka gwada.